Tsakuwar da Na Aje

Laraba da dare

Barci ya ƙi zuwa. Yau mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo daga Gure kan injin niƙan da aka ce mu mata za mu riƙe da kanmu. Suka zana ƙauyenmu a ƙasa, suka ba kowa tsakuwa ya aje inda yake so a kafa injin.

Mu masu ɗaukar hatsi a ka, bakin rijiya muke so. Amma sai aka fara da maza. Baba, mahaifin maigidana, ya aje tasa bayan gidan maigari. Ni in saɓa wa surukina a gaban jama'a? Na sunkuyar da kai na aje tawa kusa da tasa. Kusan dukanmu haka muka yi.

Wata mata cikin mutanen furoje har da tafi: "Madalla, kanku a haɗe yake!"

Da yamma na bi ta bayan gidan maigari neman akuyata. Ga bulo nan jibge, an rufe da tsofaffin buhuna, har ciyawa ta tsiro a gindinsu. Tun yaushe suke nan? Wa ma ya ce a fara da maza?

Abin da ke ci mini rai, in aka tambaya, da hannuna na aje tsakuwar.