Gidan da Muka Tashi Ba Namu Ba Ne

Gaya, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Mutari a Abijan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Balkisu da yara. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi tun da aka sake mata magani, matata Nuriya kuma ta shiga watanta, muna jiran sauka. Ruwan kogi ya cika bana, amma bai taɓo unguwarmu ba.

Yaya, na ƙi yi maka wannan magana a waya domin na san murya za ta gaza ni. Ka san ɗakuna biyun da muka shirya ƙarawa a bayan gida saboda dawowarka. Magini ya zo ya auna, ya ce wurin ba zai isa ba sai an rushe ɗan ɗakin Iya Zalika na kusa da garken awaki. Ni da bakina na je na ce mata ta kwashe kayanta ta koma zaure kafin a gama. Na ma ƙara da cewa shekara da shekaru muna riƙe da ita, ta yi mana wannan haƙuri. Ta dai dube ni, ta ci gaba da gyaran kifinta.

Ranar Talata na tafi ofishin magajin gari neman takardar izinin gini, wadda suke kira parmi. Na kai zanen ginin da katina na shaida, sai ma'aikacin ya nemi takardar fili. Na ce na birkice akwatin marigayi Baba ban gan ta ba. Mutumin kirki ne, ya ɗauki lambar fili ya buɗe tsohon littafinsu, ya bi da yatsa har ya tsaya. Ya tambaye ni ko wace ce Zalika Hama, domin filin gaba ɗaya da sunanta yake, kuma ba za a ba da izini ba sai da hannunta. Na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini littafin na gani da idona. Wallahi Yaya, na fito na rasa inda na ajiye babur, alhali yana gabana.

Da na iso gida na sami Inna a ɗaki na faɗa mata, ina zaton za ta ce kuskure ne. Sai ta fashe da kuka. Ta ce shekarar yunwa da suka baro Karakara, kana goye a bayanta, ba su san kowa a Gaya ba. Baba yana dako a tasha, su kwana a rumfar kasuwa. Iya Zalika ce ta tsince su. Lokacin mijinta masunci bai daɗe da rasuwa a kogi ba, ba ta da ɗa, sai ta ba su ɗaki guda. Da aka haife ni ta bar musu na biyu. Da aka haifi Zuhura ta bar babban ɗakinta ta koma baya. Ita ce ta sa Baba da Inna suka yi mata alkawarin ba za su gaya mana ba, wai kada mu tashi muna jin kanmu baƙi. Ka ji matar da muke aika wa ragowar tuwo muna ganin sadaka muke yi.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na tarar har ta ɗaure kayanta cikin zannuwa biyu tana shirin komawa zaure. Na nemi gafara. Ta ce in tashi, ba ta riƙe ni da komai ba, ita ta yi mini wankan jariri. Ta ciro takardar filin daga ƙasan tabarmarta, naɗe cikin leda, ta ce mu tafi ofishin tare ta dangwala yatsa, a rushe ɗakin in dai Mutari zai dawo gida.

Ban kai ta ba, Yaya. Na kwance mata kayan da hannuna, na sallami magini. Shawarata ita ce a sake zane, a bar ɗakinta, ko ma a fara gina mata nata. Amma kai ne babba. Ka kira wayar Nuriya bayan la'asar, za ta kai wa Iya, ka yi magana da ita da kanka kafin a aza ko tubali ɗaya.

Inna tana gaishe ka, haka Zuhura da mijinta Isufu. Ka gaida Balkisu da Faruk da Kadija. Ka sa ni a addu'a, domin tun ranar nan in na dawo daga tasha sai in tsaya a ƙofar gida in yi sallama, in kasa shiga sai na ji muryar Iya ta amsa.

Ƙanenka,
Yazidu