Irin Tazargade daga Bayan Kwari

Yaya Lorna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. A talabijin ɗin gidan yari na ga gobarar dajin yankinmu na Owyhee, har na gane tudun bayan gidanmu. Shanu sun tsira? Kada ki yi mini dariya, ƙananan zomayen nan na bayan kwari fa?

An sa ni aikin renon tazargaden daji, wadda ake dasawa inda wuta ta ci. Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba!

Ki gaida Baba, in zai amsa.

Ƙaninki, Delbert

*

Delbert,

Muna lafiya. Shanu sun tsira, wurin kiwo ne ya tafi. Mutum da gemunsa yana tambayar zomo!

Suna nan, amma kaɗan, sun rame. Tazargaden da suke ci ta rage a bakin kwari kawai, kuma ka san iyayinsu: sai su wuce gindi goma su ci ɗaya. Baba ya zuba musu harawar doki, ko shinshinawa ba su yi ba. Ya tsaya yana musu faɗa: "Ku mutu mana, 'yan girman kai!" Washegari na gan shi da sanda, yana ɗaura ƙyalle a kan duk gindin da suka gwaguya.

Na isar da gaisuwarka. Ya ce in miƙo masa gishiri.

Ka riƙa cin abinci.

Yayarka, Lorna

*

Yaya,

Na gode. Waɗanda Baba ya ɗaura wa ƙyallen su nake so. In irinsu ya nuna, ki kakkaɓo mini a ambulan. Malama Ardith, mai kula da lambunmu, ta yarda in raine shi daban. Kafin ƙanƙarar baɗi za ku samu dashe.

Kada ki ce ni na roƙa.

Delbert

*

Delbert,

Ina gaisuwa. An dawo da ambulan ɗin, wai ba a shigar da iri ta gidan waya. Baba ne ya karɓo shi, ya ga sunanka a jiki. Na zaci zai jefa a murhu. Sai ya ce, "Ni na tsinci irin nan da gwiwar nan tawa, wani ƙato ya dawo mini da shi?"

Yau da safe ya ɗauki mota, bai ce mini ga inda za shi ba. Ka san likita ya hana shi doguwar tuƙi. Hankalina bai kwanta ba.

Lorna

*

Delbert,

Na ba matar nan mai kula da lambunku irin hannu da hannu. Kada ka cika masa ruwa, ruɓewa yake.

Na hango ka ta bayan wayar shinge kana tura baro. Ka rame. Ban iya shigowa ba.

Ran Lahadi zan shigo. Yayarka ce za ta tuƙo, ta ƙwace makullin.

Babanka