Ranar Haihuwar Fansho

Zuwa ga 'yata Maijidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya a Fatakwal, ke da maigidanki Abdulƙadir da jikata Asiya. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikin asibitin da kike yi. Mu nan da sauƙi. Gwaggonki Hure tana fama da ƙafa, amma takan daure ta zo ta dafa mini sau ɗaya a rana. Gero ya yi kyau bana, sai dai tun yana tsaye 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau suka saye rabinsa, ɓarayi kuma suna bin sauran. Na ba direban motar albasa wannan takarda ne maimakon in kira ki, domin ba na son ki ji muryata ina faɗin abin da ke ciki. Kada ki karanta wa Asiya sai kin kai ƙarshe.

Maganar Fansho ce, karen da na tsinta bara a burtali bayan rasuwar mahaifiyarki, haƙarƙarinsa a waje, ƙuda na cin kunnensa. Kin san na raɗa masa sunan ne don ban ga abin da ya kai shi rama ba sai fanshona. Liman ya ce babu laifi a ajiye karen gadi in dai ba zai shiga ɗaki ba, don haka a bayan rumbu yake kwana. Da kika aiko da fararen takalman nan kika ce hawan jini zai kayar da ni in ban riƙa gudu kullum bayan la'asar ba, shi ne abokin tafiyata. Ni da na ci kofin gudun mil a kwalejin horon malamai, yanzu sai na tsaya sau uku kafin in kai tsamiyar Ɗan Iya, ƙirjina na huci kamar zugazugin maƙeri. Shi kuwa sai ya riga ni, ya zauna a gindinta yana jirana. Mata na leƙowa ta danga suna dariya, wai boko ya daɗe yana bin Malam, yanzu ya cim masa. A garinmu dattijo ba ya gudu sai in wani abu ya koro shi.

Kin tuna Asiya ta tambaye ni a waya ranar da aka haifi Fansho. Na ce mata ni kaina ban san tawa ba, hedimasta ne ya rubuta wa ajinmu duka ɗaya ga Janairu. Ta ce to a ƙirga daga ranar da na tsince shi, kuma lallai a yi masa biki. Dariya na yi, amma da ranar ta zagayo sai na tsinci kaina a gaban mahauci a kasuwar Zakirai ina sayen ƙashi da kayan ciki. Ya tambaye ni ko baƙi na yi, ni kuma da dogon bakina na gaya masa gaskiya. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na dafa, na zuba masa a kasko a ƙofar gida, a idon kowa. Yana cikin ci sai ga Kamilu maƙwabcina, wanda ni na koya masa rubuta sunansa, yanzu shi ne shugaban 'yan sintirin gona. Na san gidansa sun fi mako suna kwana da rama da ƙuli. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Alhaji Fansho. Na amsa masa kamar ban gane ba, ban kuma ɗebar masa ko romo ya kai wa iyalinsa ba.

Bayan kwana uku gwiwa ta hana ni fita da wuri. Da na ga magariba za ta riske ni a hanya, sai na yanke ta gonar da aka jera damman gero. Wani ya hango mutum ba riga ba hula yana fitowa a guje daga tsakiyar dammai, ya kwarma ihun ɓarawo. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganina a waje babu hula, sai rannan da zafi ya sa na bar ta gida tare da rigar. 'Yan sintiri suka taso da gora. Na buɗe baki in ce ni ne, numfashi ya ƙi. Gorar farko ta same ni a kafaɗa na faɗi, Kamilu ya ɗaga ta biyu, sai Fansho ya cafke shi a ƙwauri. Sai da na mirgina suka ga fuskata, wuri ya ɗauki salati.

Washegari aka yi zama a zauren mai unguwa. Cikin mutum bakwai da ke kan tabarma, biyar na taɓa riƙe hannunsu a kan fensir, amma ba wanda ya tambayi kafaɗata. Na ce ni na kai Kamilu asibiti aka yi masa allura, kuma zan ɗaure karen dare da rana. Wani dattijo ya ce karen da ya ɗanɗana nama a shekarar yunwa ba zai sake sanin bambancin akuya da ɗan mutum ba. Kamilu bai ɗaga kai ba, ya ce shi ba cizon ne yake yi masa ciwo ba. Aka yanke cewa kare ya bar gari kafin Juma'a. Na sunkuyar da kai, tunda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na aika wa wani mai noman rani a Watari, ya yarda zai karɓe shi ya yi masa gadin albasa.

Ranar Alhamis bayan asuba na kai masa ruwa, na tarar ya sandare a bayan rumbu, kumfa a bakinsa, igiyar da na ɗaure shi da hannuna tana wuyansa. A gefensa akwai ragowar nama da aka cusa wa maganin ɓera. Tsoka ce, Maijidda, jan nama mai kyau, ba kayan ciki irin nawa ba. A garin da babu naman miya, an samu na kashe kare. Ban kai ƙara ba, ban kuma ambaci sunan kowa ba. Na ɗora shi a baro na kai gindin tsamiya, na haƙa da fartanya ni kaɗai. Kafin bikin nan dusa da ƙanzo kawai ya sani, ni na koya masa ƙamshin abin da ya kashe shi. Shekara talatin ina koyar da lissafi, ban iya lissafa yunwar maƙwabcina ba. Wannan laifina ne, kada ki ɗora wa kanki ko yarinyar.

Jiya na sa takalman na fita, da rigata da hulata don kada in sake tsorata kowa. Na kai tsamiya ban tsaya ko sau ɗaya ba, abin da na kasa yi yana raye. Na zauna a wurin har aka kira salla. In Asiya ta tambayi yadda biki ya kasance, ki ce mata ya ci ya ƙoshi, har ya lashe kaskon. Wannan gaskiya ce, sauran kuma na bar miki.

Ki gaishe mini da Abdulƙadir, ki shafa mini kan Asiya. Hure tana gaishe ku. Kamilu ma ya ce a gaishe ki. Har yau durƙusawa yake yi in zai gaishe ni. Allah ya yi miki albarka, ya sa mu gama lafiya.

Mahaifinki,
Hamisu