Kwalin maganin Inna

Maman Auta,

Na tarar kina barci, ban tashe ki ba. Na koma asibiti.

Bayan tahowarki likita ta zagayo. Ta ce nimoniyar ba ta saki Auta ba, numfashinsa har fito yake yi kamar usur, don haka za ta ƙara masa wani magani, sitiroyid, a kan allurar da ake masa. Ta ce ba kowane yaro ake bai wa ba. Sai ta tambaye ni ko ya sha wani magani a gida. Na ce babu.

Akwai. Ƙwayoyin nan farare na asmar Inna, kwana huɗu ina ɓallar rabi ina ba shi, ba ki sani ba. Gani na yi suna buɗe mata ƙirji. Yanzu na duba kwalin, ashe irin maganin da likita ke magana ne.

Tun a hanya nake tambayar kaina, wa na kare da na ce babu? Ba Auta ba dai. Kunya na ji a ce mai karance-karance ya tafka wauta.

Ƙarfe biyu za a fara ba shi, dole in riga su, kada maganin ya yi masa yawa. Kwalin yana aljihuna, na bar wa Inna na yau a faranti. In ta tambaya, ki gaya mata gaskiya. Ki taho masa da riguna biyu.

Faɗan da za ki yi mini na cancanta, amma ki bari in fara shan na likita.

Baban Auta