Ƙyauren da Aka Yanka Cif

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Da fensirin awo na rubuto maka, da baƙaƙen da na koya wa kaina a jikin katako, tunda kai Baba ya kai makaranta, ni ya bar ni da zarto. In ka ga kuskure, ka haɗiye.

Ranar da ka zo duba ni ka ce awon suganka ɗari ne kullum da safe. Kana faɗa kana murmushi. Jiya na je asibiti, likita ta ce nawa in ya tsaya tsakanin casa'in da ɗari da hamsin, ya isa. Na ce mata, "Ƙanena fa ɗari ne." Ta ce, "Baba, kai ga shekaru, ga ciwon ƙoda, ga allurar suga." Na gane. Haka ake yi wa wanda bai yi boko ba, sai a sauko masa da layi. Shekara hamsin ina kafinta, ban taɓa miƙa wa mutum karkataccen aiki na ce wannan ma ya isa ba. Ɗari zan kawo, ko ƙasa da haka. Na daina karyawa da safe, allurar kuwa ban fasa ko ɗaya ba.

Ka gaida gida.
Yayanka.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Don Allah ka ci abinci. Allura a kan yunwa haɗari ce, in suga ya yi ƙasa da saba'in mutum na iya suma. Ni ƙwaya ɗaya nake sha, kuma ka girme ni da shekara goma sha huɗu. Likita ba ta raina ka ba, jikinka ta duba. Wannan ba jarrabawa ba ce, Yaya.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ƙanenka.

Auta,

Salamu alaikum. Ba jarrabawa ba ce? Wanda ya ci dukkan nasa ne zai faɗi haka. To, yau sittin da biyu na'urar awon suga ta nuna. Kai ne gwanin lissafi, ka cire ka ga tazarar da na ba ka.

Rubutun ya karkace saboda hannun yana ɗan rawa, ba komai ba ne. Ran Talata dai gumi ya karyo mini ina tsaga katako. Sai ganina na yi zaune cikin garin katako, injin tsaga katakon yana ta juyawa kusa da kafaɗata. Maƙwabcina mai walda ne ya kashe shi, ya tsare ni sai da na shanye lemo, yana ta surutu kamar shi ya haife ni. Kada ka kuskura ka gaya wa 'yata. Tuni take neman dalilin karɓe makullin shago. Ran Alhamis ina da manyan katakai goma sha biyu da zan tsaga.

Wassalam.
Yayanka.

Yaya,

Barka da war haka. Direba na ba wa wannan don ta iso ka yau. Ban gaya wa 'yarka ba tukuna. In Laraba ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan gaya mata, ka yi fushi da ni har abada, na yarda.

Ka tuna hutun da Baba ya bar ni na yanka ƙyauren wani gida, ina ɗan shekara sha biyu? Da rular makaranta na auna, na yanka cif, ko takarda ba ta shiga. Damina ta sauka, katako ya kumbura, matar gidan ta wuni a kulle tana bugun bango. Kai ka je ka ciro shi, ka rage masa, ka murɗe mini kunne ka ce, "Ka bar masa wurin numfashi, ɗan boko." Ratar da kake bar wa kowane ƙyaure ita likita ta bar maka.

Saura ɗaya. Ɗarin nan ƙarya na yi. Sau biyu na taɓa ganinsa a wata shida. Safiyar da na zo, ɗari da saba'in ne. Na tarar da kai ba lafiya, amma kana gyara wa jikarka kujera da hannu ɗaya, ni ko ƙusa ban iya bugawa a miƙe ba. Lamba ce kawai nake da ita a gabanka, sai na ƙawata ta. Ka yafe mini.

Ka ci abinci kafin ka kunna injin nan.
Autanka.

Auta,

Salamu alaikum. Sha ɗaya kake, ba sha biyu ba, kuma ranƙwashi na yi maka, ban taɓa kunnenka ba.

Na karya da ƙwai da burodi. Yau ɗari da talatin da takwas. Katakan sai mako mai zuwa.

Ɗari da saba'in kuma ya yi yawa. Rata na ce a bari, ban ce a buɗe taga ba. Ka zo ran Asabar da na'urarka, a gabana za ka auna.

Maganar makaranta tana nan, ban janye ba.
Yayanka.