Likita Ya Gaya Wa Yayata Gaskiya Kan Ƙibarta, An Sa Shi Ya Ba Da Haƙuri

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka, ya gida ya iyali, ya ƙoƙari. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan uwanmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mace ce, ina aure a Talata Mafara, ina koyarwa a wata firamare. Maganar a kan yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Bakura. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu ina 'yar ƙarama, a ɗakinta na tashi, ita ta aurar da ni, don haka Yaya dai nake ce mata amma uwa ce a wurina. Mijinta Alhaji babban manomin shinkafa ne a Bakolori, mutumin kirki ne mai sakin hannu, yana ji da ita ƙwarai, sai dai ba a ja da shi, in ya faɗi magana ta zauna.

Yaya mai jiki ce tun tana budurwa, amma 'yan shekarun nan abin ya wuce misali. Kuma kun san halinmu, ba mai ce mata komai sai yabo, in ta shiga taro a ce Hajiya ikon Allah, lallai Alhaji ya iya kiwo, a yi dariya ita ma ta yi. Alhali a zaune take salla yanzu, daga ɗaki zuwa kicin sai ta tsaya ta dafa bango tana haki, ƙafarta in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ta daɗe tana zuwa wani asibitin kuɗi nan Mafara saboda hawan jini da ciwon gwiwa, ni ke raka ta tunda gidana take sauka, kuma kullum abu ɗaya ne, a auna jini a rubuta magani, a ce Hajiya a ɗan rage gishiri, Allah Ya ƙara sauƙi. Ban taɓa jin wani ya furta kalmar ƙiba a gabanta ba, ni ma ban taɓa ba.

To watannin baya muka je muka tarar da sabon likita, matashi ne, babban ɗan Yaya ma zai girme shi. Ya sa ta hau sikeli, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ya tura mu gwajin jini da na fitsari. Da muka dawo da sakamako ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya zan gaya miki gaskiya, ba na so in yaudare ki. Ƙibar nan ita ce babban ciwonki. Ita ta kashe miki gwiwa, ita ke riƙe da hawan jinin, yanzu ga suga ya shigo, ƙodarki ma ta fara taɓuwa. In aka tafi a haka ina ji miki tsoron shanyewar ɓarin jiki ko abin da ya fi haka, kuma ba da nisa ba." Tsakanina da Allah bai ɗaga murya ba, bai zage ta ba, sai dai ƙofar a buɗe take, nas na tsaye, ga mata kan benci a bakin ƙofa duk sun ji, cikinsu har da wata 'yar Bakura da ta san mu.

Muka fito daga asibitin. Muna shiga keke Yaya ta fashe da kuka, ban taɓa ganin kukanta irin na ranar ba. Ta ce wanga yaro ɗan cikinta ya tozarta ta gaban jama'a, ya yanka mata ranar mutuwa kamar shi ke riƙe da rai. Ni kaina a lokacin na ji haushinsa, don ganin hawayenta ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Washegari Alhaji ya zo da kansa ya sami mai asibitin, aka ce ya yi faɗa sosai, ya ce shi magani ya kawo iyalinsa a ba su ba cin fuska ba, kuma shi ya ga matarsa a haka yana son abinsa. Ƙarshe aka kira likitan aka sa ya ba Yaya haƙuri a gaban Alhaji, aka mai da ita wurin tsohon likitanta.

Nan fa matsalar ta faro. Yaya ta ɗauki haƙurin nan a matsayin likita ya janye maganarsa. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce ai yaron ya gane ƙarya ya yi, da bakinsa ya ba da haƙuri. Tsohon likitan kuma da ya duba sai ya ce sugan ya ɗan hau, a ɗan kiyaye, a ɗan riƙa motsa jiki, komai dai ɗan-ɗan, ita kuwa abin da ta ji shi ne ba komai. Maganin sugan ma sai ta ga dama take sha. Alhaji kuma ya kafa doka, duk wanda ya sake tayar da zancen jikin Hajiya ya ɗauke ƙafarsa daga gidansa. Na gwada sau ɗaya ta bayan fage, na ce Yaya ko za ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida da la'asar, ta dube ni ta ce au ke ma kin bi layin likitan, ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata ba.

Ana nan na kai ɗana asibitin zazzaɓi ya kama shi, sai na faɗa hannun matashin likitan. Ya gane ni, ya tambayi jikin Hajiya, na ce da sauƙi. Sai ya ce, "Malama, na yarda na yi kuskure da ban rufe ƙofa ba, kuma an ce in riƙa tausasa harshe. Amma haƙurin da na bayar kan yadda na faɗa ne, sakamakon gwajin yana nan yadda yake." Ya ce tunda ni ke raka ta in sa ido, in na ga bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da abin ya wuce nan take, kada a kwana a gida, gargaɗi ne.

Jama'a satin da ya wuce na gani da idona. Mun je suna Maradun gidan wata 'yar gwaggonmu, hanya ta wahalar da ita, bayan azahar na ja ta wani ɗaki ta huta, mu biyu ne kawai. Na miƙa mata kofin kunun aya, ta karɓa sai kofin ya suɓuce ya zube a zaninta. Na ce Yaya lafiya, ta buɗe baki za ta amsa, maganar ta fito kamar ta mai tauna abu, gefen bakinta na dama ya sauka, hannun ya zube kan cinyarta kamar ba nata ba. Na rasa salatin da zan yi. Kafin in tattara hankalina in yi waje, bakin ya dawo daidai, ta damƙe mini zani da ɗaya hannun ta ce, "Ɗiyata na haɗa ki da Allah, kada ki hwaɗa ma kowa. Gajiyar mota ce. Ki bari a gama bikin auta, ni da kaina zan tai asibiti." Idonta cike da tsoro, ita ma ta san ba gajiya ba ce. Ban san lokacin da na gyaɗa mata kai ba.

Bikin autar tata kuwa sai bayan salla. Tun ranar abinci ba ya shiga cikina, ina cikin aji in wayata ta yi ƙara sai in ji tsoron in duba in ga lambar Bakura ce. Mijina ya ga na rame yana ta tambaya, na ce aiki ne. In na gaya wa Alhaji na karya alƙawarin da ta haɗa ni da Allah a kansa, kuma mai yiwuwa ya ce likitan ne ya zuga ni ya hana ni gidan, to in aka raba ni da ita wa zai sa mata ido? In na yi shiru kuma abin ya dawo bai wuce ba, da wane ido zan dubi 'ya'yanta? Na yi tunanin kiran babban ɗanta da ke aiki a Sakkwato, amma shi ma tsoron uban yake.

Don Allah malaman da ke nan ciki, irin wannan alƙawarin dole ne in riƙe shi ko da rai na cikin haɗari? Likitoci da nas-nas, abin da na gani zai iya jira har bayan salla? Sannan iyayena mata, ta yaya ake gaya wa wadda ta goya ki cewa ƙibarta za ta kashe ta, ba tare da ta ji kin wulaƙanta ta ba? Kowa ya lallaɓa ta ba ta ji ba, wanda ya faɗa kai tsaye kuma an rufe masa baki.

Ɗazu ta kira ni tana raha, ta ce za ta shigo ranar Talata mu shiga kasuwa zaɓen anko. Tana magana ni ba abin da take faɗa nake saurare ba, harshenta nake saurare ko zan ji ya harɗe. Na ce mata to Yaya, Allah Ya kai mu. Ku taimaka ku ce mini wani abu kafin Talatar nan, don ban san ko kasuwa zan kai ta ba ko asibiti.