Zahiri, Kalmar da Ta Raba Mu

Zuwa ga Kawu Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Mutanen waya ne za su karanta, su danna, su wuce. Su karanta ɗin. A bainar jama'a na ci mutuncinka, don haka a bainar jama'a zan nemi gafara.

Kawu, na gano ma'anar kalmar nan. A makare na gano ta.

Ka tuna teburinka a gindin dalbejiya a Gwarinpa, jaridu da tsofaffin littattafai, kowanne da dutse a kansa saboda iska. Mai saye ya saya, wanda ba shi da hali ya tsaya ya karanta har ƙafa ta gaji. A nan na koya wa kaina karatu bayan makaranta ta gagara. In an yi maka tsiya cewa 'yan karatun kyauta sun fi masu saye yawa, sai ka ce, "Ilimin zahiri ne, na kowa ne. Wa ya taɓa kulle rana?"

Sai ranar da wani oga na ma'aikata ya tsaya da mota sayen jarida. Ya yi wata magana a kan tarihi, na gyara masa, don da idona na gani a littafi. Ya dube ni tun daga silifas har hula, ya ce, "Ku 'yan bakin titi zahiri kawai kuka sani. Na ciki yana wurin masu shi." Kai kuma har da yi masa a sauka lafiya, ranka ya daɗe!

Abin ya ci ni. Na ɗauka zahiri na nufin ɓawo, abin da ake watsa wa kaji bayan an cinye tsaba. Sai idona ya faɗa kan akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin teburinka, wanda kullum yake da kwaɗo. Na ce maka, a gaban kowa, ɓawo kake ba ni, baɗinin kuwa ka kulle wa 'ya'yan cikinka. Ka san bakina ba shi da birki. Ba ka yi faɗa ba. Cewa kawai ka yi, "Habu, in ka huce ka zo."

Ban huce ba. Na tattara na koma Masaka ina lodin kaya a kasuwa. Wata bakwai ban taka Gwarinpa ba, sai da aka kira ni jana'izarka.

Bayan sadakar bakwai, matarka Inna Hajara ta miƙo mini makulli, ta ce ka ce nawa ne. Na buɗe akwatin. Allura, zare, gam, almakashi, da littattafan da bangonsu ya yage suna jiran ɗinki. Shi ke nan baɗinin da na yi ta haushi a kai. Ashe marasa lafiya kake kwantarwa a ciki, kafin su warke su koma kan tebur.

A sama akwai wani ƙamus na Larabci, ɗinkinsa rabi, allurarka a soke a jikinsa. Na ƙarasa maka shi, mummunan ɗinki, da ka gani da ka yi dariya. Da ɗan abin da na tsira da shi na allo na lalubo kalmar. Zahiri daga Larabci ta zo, daga kalmar da ke nufin baya, bayan mutum ko na raƙumi, wurin da kowa ke gani. Baɗini kuwa daga ciki ne, tumbi. Ita ma azahar 'yar gidan ce, lokacin da rana ta tsaya tsaka ba abin da ke ɓuya. Sau nawa na bi ka azahar a gindin bishiyar nan, ina kallon bayanka, ban san amsar ce a gabana ba?

To, oga ya riƙe tumbinsa. Ciki ci kawai ya sani. Baya ne ke ɗaukar kaya, kuma naka ya ɗauke ni shekara da shekaru.

Na sake kafa teburin, yau kwana tara. Mutane na wucewa kai a sunkuye kan waya. Jiya wuni na yi, ni da duwatsun. Madam Rifkatu mai shinkafa ce kaɗai ke leƙowa, da Hausarta ta Abuja. Ranar farko ta ce, "Yaron Baba, ka dawo? Baba ta jira ka sosai." Ko gyara mata ban iya ba, ni da ba na barin kuskure ya wuce.

Akwatin yana inda ka bar shi, murfinsa a buɗe, mai son leƙawa ya leƙa.

Ka ce in na huce in zo. Ban gama hucewa ba, Kawu, yanzu da kaina nake fushi. Amma na zo. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka kamar tsakar azahar, Ya sa kowane baƙi da aka karanta a teburin nan ya same ka a can. Amin.

Ɗanka mai bakin tsiya,
Habu